Spotify ga mai son hip-hop: rumbu ne mai kyau, amma kar ka bar shi ya zaɓa maka

Jama'a masu tambaya ko Spotify, manhajar sauraron waƙa ta intanet, ya cancanci kuɗin wata ga wanda hip-hop ne abun saurarensa, amsata eh ce, amma eh mai sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne ya fi damuna don haka a kai zan fi daɗewa. A matsayin wajen ajiya babu kamarsa, a matsayin mai nuna maka mene ne hip-hop kuma gaskiya ban yarda da shi ba, don ba mawaƙi yake nuna maka ba, abun da kasuwa ke so ka ji yake nuna maka.

Bari in fara da alherinsa tunda yana da shi. Kamfanin na ƙasar Suwidin ne, Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa shi a 2006, ya fara aiki 2008, ya shiga Amurka 2011, yanzu waƙoƙin da ke ciki sun haura miliyan 100. Kaga kenan a zama ɗaya kana iya tasowa daga 1979 ka biyo ta Run-DMC, Public Enemy, Rakim, Queen Latifah, Nas, Tupac, Outkast, Lauryn Hill har ka iso kan yaran da suka fito jiya, abun da a da sai mai kuɗin sayen faifai ko mai yayan da ya tara kaset yake samu. Bincike yana da sauri, in kana biyan kuɗin wata kana sauke waƙa ka ji ba data, ba talla, ga rubutun baitoci yana tafiya tare da muryar mawaƙi wanda a rap ba ƙaramin taimako bane don wasu in suka saki baki sai ka maimaita kafin ka kama. Sannan akwai wajen da za ka danna ka ga wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, wannan ɗan wajen ni a wurina ya fi duk kwalliyar manhajar amfani, saidai sun ɓoye shi can ciki mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

Toh amma ko a ajiyar ma akwai giɓi, kuma giɓin ba kuskure bane, kuɗi ne ya haƙa shi. Ku duba De La Soul, ƙungiyar da duk mai bin tarihin rap ya san nauyinta, tsofaffin kundayensu ba su hau irin waɗannan manhajoji ba sai 3 ga Maris 2023, bayan kamfanin Reservoir ya sayi Tommy Boy, kamfanin da ke riƙe da waƙoƙinsu, kan dala miliyan 100 a 2021 aka warware rikicin. Ɗaya daga cikinsu, Trugoy, ya rasu a Fabrairun 2023, saura makonni kaɗan waƙoƙin su fito. Shekara da shekaru yaro mai tasowa in ya buɗe waya ya nema ba zai same su ba, a wurinsa kamar ba a taɓa yinsu ba. Dalili kuwa rigimar kwantiragi da kuma yanke-yanken kiɗan wasu da suka harhaɗa a ciki, don asalin sana'ar kenan, ka ɗauko gutsuren ganga daga tsohon faifai, ka ɗauko ƙaho daga wani, ka ɗinke su su zama sabon abu. A 1991 kotu a New York ta yanke hukunci kan Biz Markie saboda ya yi amfani da kiɗan Gilbert O'Sullivan ba izini, daga ranar kowane gutsure sai an nemi izini an biya. Ban ce kar a biya mai haƙƙi ba, haƙƙinsa ne, amma sakamakon shi ne irin kiɗan nan mai cike da gutsattsari da yawa ya zama sai mai kuɗi, yaron unguwa ba zai iya ba, sautin rap ɗin kansa ya canza saboda lissafin lauyoyi.

Haka zalika kaset-kaset ɗin titi da DJ-DJ ke fitarwa, waɗanda su suka raini 50 Cent da Lil Wayne da T.I. da Gucci Mane, da yawansu ba za ka same su a Spotify ba, wasu kuma an sa su daga baya amma an cire waƙa ko an canza kiɗa. A Janairun 2007 har 'yan sanda suka kai samame situdiyon DJ Drama a Atlanta suka kama shi suka kwashe dubban faya-fayai, alhali kamfanonin waƙa su ma suna cin moriyar irin kaset ɗin wajen tallata mawaƙansu. Don haka wanda ya ɗauka abun da ke cikin manhajar nan shi ne dukkan hip-hop, ya sani ɓangaren da takardunsa suka cika kawai yake gani.

Kafin in zo kan abun da ya fi ci min rai sai mun tuna me aka yi abun nan dominsa. Ranar 11 ga Agusta 1973, gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick a unguwar Bronx ta birnin New York, wata yarinya Cindy Campbell ta haɗa fati don ta samu kuɗin kayan komawa makaranta, yayanta DJ Kool Herc haifaffen Jamaika shi ya saka kiɗa, mata senti 25 maza senti 50. Bronx ta lokacin kuwa wuri ne da aka yi watsi da shi, an ratsa unguwanni da babbar hanya an tarwatsa mutane, gidaje suna ta ƙonewa, birnin New York kansa ya kusa tsiyacewa a 1975. Yaran baƙaƙe da 'yan asalin Puerto Rico da ba su da kuɗin kayan kiɗa suka mai da garmaho biyu kayan kiɗa, Herc ya lura wajen da ganga ke tashi ita kaɗai shi ne inda 'yan rawa ke haukacewa, sai ya riƙa maimaita wajen da faifai biyu. Abu huɗu ne suka taru, mai juya faifai, mai riƙe makirfo, 'yan rawa, da masu zanen bango. Amfaninsa shi ne wanda ba a jin muryarsa ya samu inda zai yi magana, kuma masu faɗa da juna su koma gasar baki da gasar rawa. Chuck D na Public Enemy shi ya kira rap CNN ɗin baƙar fata, wato in kana son labarin unguwa da ba a kawowa a talabijin, nan za ka ji shi. Waƙar The Message ta 1982 minti 7 ce cur tana ba da labarin talauci da ƙuncin birni, kuma mutane suka saya.

Kar wani ya ce ina nufin a da babu kuɗi a ciki, akwai, fatin farko ma ai kuɗi aka karɓa a ƙofa. Rapper's Delight ta 1979 Sylvia Robinson ce 'yar kasuwa ta haɗa mawaƙan don ta ga akwai ciniki. Run-DMC sun sa hannu da Adidas a 1986. Kuma ni ban ga laifin ɗan talaka ya ci guminsa ba wallahi, mutanen da aka daɗe ana cin moriyar kiɗansu ana barinsu hannu rabbana ba ni zan ce musu su ƙi arziki ba. Matsalar ita ce wa ke yanke hukuncin abun da za a ji. A 1991 Billboard, mujallar da ke fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ta koma ƙirga cinikin gaske da na'urar SoundScan maimakon tambayar masu shago, nan take kundin ƙungiyar rap ta N.W.A ya hau lamba ɗaya a watan Yuni ba tare da rediyo ta wani saka shi ba, manyan kamfanoni suka farga ashe akwai maƙudan kuɗi a nan, kuma suka lura labarin bindiga da ƙwaya yana sayuwa sosai har a unguwannin da ba su taɓa ganin rayuwar ba. N.W.A ɗin kansu suna faɗin abun da suka gani ne game da 'yan sanda, amma kamfani ba ƙorafin yake so ba, hoton ɗan daba yake so, sai aka riƙa neman mai kama da wannan ana ba shi kwantiragi, mai wata maganar daban ya yi ta jira. Sai kuma dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, kamfanin rediyo na Clear Channel ya tashi daga tasha kusan 40 zuwa sama da 1,200, DJ ɗin gari da a da zai iya saka yaron unguwarsu don kawai kunnensa ya ce masa yaron nan ya iya, sai ya koma ana turo masa jerin waƙoƙi daga hedikwata.

Kaga Spotify ba shi ya fara ba, gado ya tarar. Amma shi ya kai abun ƙarshe, kuma a nan ne na rage masa maki.

Kana buɗe ɓangaren hip-hop abun da zai fara tarbarka shi ne RapCaviar, jerin waƙoƙin da aka fara 2015 ƙarƙashin Tuma Basa kafin ya koma YouTube a 2018, mabiyansa miliyoyi ne, shiga cikinsa kawai na iya canza rayuwar mawaƙi. An tsara shi da kyau, ana sabunta shi a kai a kai, in burinka ka san me ke tashe a Amurka a makon nan toh ya biya maka buƙata. Amma ka saurare shi a jere da kunnen basira, za ka ji yanayin ɗaya ne ke ta dawowa, nauyin ganga iri ɗaya, amshi tun a daƙiƙun farko, baiti biyu gajeru, shikenan an wuce. A da kana jin kiɗa ka san wannan New York ce, wannan Houston, wannan Memphis, wannan Oakland, kowane gari da harshensa da takunsa, yanzu yaro ko daga ina yake ya san irin sautin da ke shiga jerin nan kuma shi zai yi, don in bai yi ba wa zai ji shi.

Dalilin gajartar ba lalaci bane, lissafi ne. Ba a ƙirga sauraro sai mutum ya kai daƙiƙa 30, kuma waƙar minti 2 da ta minti 7 duk sauraro ɗaya ake rubuta musu. Toh wa zai ɓata minti ɗaya yana shimfiɗa, wa zai yi baiti na uku inda a da nan ne mawaƙi ke juya labarin ya kai shi inda ba ka zata ba? Rapper's Delight doguwarta ta kusa minti 15, Old Town Road ta Lil Nas X ta asali ba ta kai minti 2 ba, kiɗan ma dala 30 ya saye shi a intanet daga wani yaro ɗan Holan, kuma ta yi mako 19 a lamba ɗaya a 2019. Ban raina yaron ba, ya yi wayo, ya fahimci zamaninsa, amma shi ya nuna wa kowa hanyar da kuɗi ke bi. Abun mamaki waƙa tana gajarta kundi kuma yana tsawo, saboda tun ƙarshen 2014 Billboard ta fara mai da yawan sauraro kamar cinikin kundi, a 2018 ta tsayar da sauraro 1,250 na masu biya ko 3,750 na masu jin kyauta a matsayin kundi ɗaya. Kenan duk waƙar da ka ƙara, ƙarin lamba ce. A shekarar ne Migos suka fitar da kundi mai waƙa 24, Drake mai 25, kuma ranar da na Drake ya fito Spotify ya manna hotonsa a kan jerin waƙoƙi birjik har da waɗanda babu waƙarsa a ciki, masu biya suka yi ta ƙorafi wai sun biya don kar su ga talla ga shi an kawo musu talla ta bayan gida. Kundin da a da ake zama a tsara shi daga farko zuwa ƙarshe kamar labari ɗaya, yanzu da yawa tari ne kawai ake zubawa a ga wacce za ta kama.

Sai maganar rabon kuɗi, wanda ya kamata duk mai biya ya sani. Kuɗin da ka biya ba wajen mawaƙin da ka saurara yake tafiya kai tsaye ba, ana tara na kowa wuri ɗaya, kamfani ya ɗebi nasa, kusan kashi biyu cikin uku a raba wa masu haƙƙi gwargwadon yawan sauraron kowa a cikin jimilla. Wato ko wata guda ka yi kana jin wani ƙaramin mawaƙi shi kaɗai, kaso mai tsoka na kuɗinka manyan da ke saman jadawali zai tafi wa. Spotify ya ce ya biya masana'antar waƙa dala biliyan 10 a 2024, kuɗi ne mai yawa ba musu, amma masu haƙƙi ake biya, kuma mai haƙƙi sau da yawa ba mawaƙi bane, manyan kamfanonin waƙa ne, Universal ko Sony ko Warner, waɗanda tun farko ma sun samu hannun jari a Spotify ɗin. Daga 2024 kuma waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a wata 12 ba, ba ta samun ko sisi daga kason nan. Su sun ce kuɗin ƙanana ne ba sa isa hannun mawaƙi kuma 'yan damfara na amfani da hanyar, na ji hujjar, amma ga al'adar da ta fara da yaran da ba kowa ya san su ba, ka ce na ƙasa ba a lissafa shi a ƙara wa na sama, wannan bai kwanta min ba ko kaɗan.

Wanda ya fi duka shi ne tsarin da suka kira Discovery Mode da suka sanar a 2020. Mawaƙi ko kamfaninsa ya yarda a zabge masa kashi 30 cikin 100 na kuɗin sauraron da ya samu ta hanyar, su kuma su ƙara tura waƙar ga mutane a wuraren da manhajar ke zaɓa maka da kanta, kamar in waƙarka ta ƙare ta ci gaba da saka wasu. Kai mai sauraro babu alamar da za ta nuna maka cewa wannan waƙar an yi rangwame ne kafin ta iso kunnenka. A rediyo biyan kuɗi a ɓoye don a saka waƙa laifi ne a Amurka, a 2005 Sony BMG ta biya dala miliyan 10 bayan binciken Eliot Spitzer babban lauyan jihar New York na lokacin. Nan kuma ba kuɗi ake miƙawa ba, ragi ake karɓa, har wasu 'yan majalisar wakilan Amurka suka rubuta wa Daniel Ek wasiƙa a 2021 suna neman bayani. Ni dai a ganina in kowa ya shiga tsarin babu wanda ya samu fifiko, kawai kowa ya koma karɓar ƙasa da abun da yake karɓa.

Toh me duk wannan ya yi wa manufar hip-hop? Cikin abu huɗun nan uku ba su da gurbi a manhajar, babu ɗan rawa, babu mai zane, DJ kuma an maye shi da na'urar da ke lissafin abun da ba za ka tsallake ba. Kuma waƙar da ke faɗa maka gaskiya mai ɗaci ita ce aka fi tsallakewa, don tana neman ka tsaya ka saurara, ita kuwa manhaja so take ka bar ta tana ta yi kana wani aikin. A 2017 alƙaluman Nielsen suka nuna hip-hop da R&B sun wuce rock sun zama abun da aka fi ji a Amurka, Apple ya sayi kamfanin kayan sauraron kiɗa Beats na Dr. Dre da Jimmy Iovine dala biliyan 3 a 2014, Forbes ta ayyana Jay-Z biloniya a 2019, McDonald's ya saka sunan Travis Scott a abinci a 2020. Waƙar ta zama ƙofar shiga wata kasuwar, takalmi, giya, turare. A gefe guda Kool Herc da ya fara abun, da ya kwanta rashin lafiya a 2011 ba shi da inshorar lafiya, sai da aka yi masa karo-karo. Wannan kam duk lokacin da na tuna sai raina ya sosu.

Amma ban yarda da masu cewa hip-hop ya mutu ba, kuma adalci ne in ce manhajar nan ta buɗe wasu ƙofofin. Chance the Rapper ya ci Grammy a 2017 da aikin da ta hanyar sauraro a intanet kawai aka sake shi, ba tare da ya sa hannu da babban kamfani ba. Kendrick Lamar ya ci kyautar Pulitzer a 2018, yana maganar launin fata da tsoro da imani kuma yana sayuwa. Nipsey Hussle a 2013 ya buga kwafi 1,000 ya sa dala 100 kowanne, Jay-Z shi kaɗai ya sayi 100, ya nuna mutane kaɗan masu ƙaunarka na iya riƙe ka. Masu magana mai nauyi suna nan a cikin Spotify ɗin, Killer Mike, Rapsody, Noname, Little Simz daga Ingila, Black Thought, duk suna ciki, kawai ba su za a fara ɗora maka a gaba ba, sai ka nema da hannunka.

Don haka ga yadda nake ba da shawarar a yi amfani da shi. Ka shiga saiti ka kashe abun nan da ke ci gaba da saka waƙa da kansa. Ka riƙa buɗe kundi ka ji shi a jere yadda mai shi ya tsara, ba a cakuɗe ba. In kiɗa ya burge ka duba sunan furodusan ka bi sauran ayyukansa, ta nan za ka faɗa kan DJ Premier ko J Dilla ko Madlib ko The Alchemist, daga nan kuma su kai ka ga tsofaffin faya-fayan da suka yanko. Jerin waƙoƙin da mutane masoya suka haɗa da kansu sun fi na kamfanin ɗanɗano nesa ba kusa ba, ka nemi na gari guda ko na shekara guda. Kuma in akwai ƙaramin mawaƙin da kake ji da shi da gaske, ka sayi aikinsa kai tsaye a shafukan sayar da waƙa irin su Bandcamp ko ka sayi tikitin wasansa, don saurarenka a nan ba zai biya masa kuɗin situdiyo ba.

Na kyauta ban ba mai son rap shawararsa ba, talla na katse kundi a tsakiya kuma sauraronka ma ba ya kai na mai biya daraja a lissafi. Na biya ya cancanta in har kai za ka riƙa zaɓa. A wajen yawan waƙa da sauƙin amfani na ba shi 4 cikin 5, giɓin kaset-kaset ɗin titi ne ya hana shi cikewa. A wajen jagora da adalci ga ƙananan mawaƙa kuwa 2 na ba shi, kuma ba zan ƙara ba sai ranar da suka fara saka alama a kan waƙar da aka yi rangwame kafin a turo ta.